An Rubuta Cewa An Tuɓe Kakana, Na Gyara, Sun Ce Sai Na Kawo Hujja

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya ina hedimasta. Da na samu sarari, wani tsohon ɗalibina ya koya mini yadda ake gyara a Wikipedia ta Hausa, na kuwa ji daɗin abin. Wata rana na buɗe muƙalar garinmu, sai na tarar a jerin dagatai an rubuta wai Turawa sun tuɓe kakana a kan kuɗin haraji. Wallahi ba haka aka yi ba. Shi da kansa ya sauka, ya miƙa wa ƙanensa rawani, ya tafi Makka a ƙasa. Daga bakin mahaifina da gwaggona na ji, kuma har yau akwai wasiƙar ajami a gidanmu wadda ya aiko daga hanya. Na goge, na rubuta gaskiya. Kafin gari ya waye an mayar da tsohon rubutun, wai akwai littafin da ya faɗi haka, ni kuwa ban kawo madogara ba. Na sake, aka sake. Abin da ya fi ci mini rai, mai mayarwar shi ne wannan ɗalibin nawa, yaron da ni na koya wa haɗa baƙi. Yanzu wani admin, wato ɗaya daga cikin masu kula da shafin, ya yi mini gargaɗi cewa za a rufe mini asusu. Wani abokina ya ce in liƙa sunan kowane tsohon littafi da lambar shafi, ba mai dubawa. Wani ya ce in kai ƙarar yaron wurin mahaifinsa. Zuciyata kuma tana ce mini in bar musu abinsu. Ta yaya wanda bai taɓa ganin kakana ba zai fi ni saninsa? Ku ba ni shawara.

Daga wani tsohon malamin makaranta

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan kakanka da rahama.

Ɓacin ranka yana kan hanya. A ƙasar Hausa, a ce an tuɓe mutum a kan kuɗin haraji, an ce masa ɓarawo ke nan cikin lafazi mai laushi, kuma tabo ne da ke bin gida har jikoki. Ga shi an rubuta a wurin da duk yaron garinku da ya taɓa waya ya nemi sunan garin, shi zai fara gani. Wanda ya ga haka a kan kakansa bai ji komai ba, shi ne abin tambaya. Don haka ba zan ce maka ka share ba. Abin da nake so shi ne wannan ƙoƙari naka ya bi hanyar da za ta ɓulle, domin wadda kake kai yanzu ƙarshenta rufe asusu ne, rubutun kuma yana nan daram.

Ka fara da fahimtar abin da mayar da rubutun yake nufi. Ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Wikipedia, tun da aka kafa ta a 2001, ta ginu ne a kan cewa kowa na iya gyarawa, kuma ba ta da hanyar sanin wane ne a bayan kowane suna. Mai karatu a Zinder ko Kumasi ba ya ganin furfurarka, bai san shekarun da ka yi kana koyarwa ba, bai san gwaggonka mace ce mai gaskiya ba. Abin da yake gani jimla ce kawai. In akwai madogara a gefenta, yana iya bin sawu ya duba da kansa. In babu, sai dai ya yarda da wanda bai sani ba. Shi ya sa aka ajiye ƙa'ida cewa duk maganar da wani zai iya ja da ita, sai an nuna inda aka wallafa ta, kuma nauyin kawo hujjar yana kan wanda ya saka maganar. Aka haɗa da ƙa'ida ta biyu, cewa ba a fara bayyana sabon bincike a can, ko da na gaskiya ne.

Kai malami ne, ka san abin da malamanmu na Malikiyya suke cewa game da alƙali: ba ya yanke hukunci da saninsa. Ko da a gabansa aka karɓi bashin, in an zo kotunsa sai an kawo shaidu. Ba don ana zargin alƙalin ba ne. Don in aka buɗe wannan ƙofa ga adali, an buɗe ta ga azzalumi, kuma wanda aka yanke wa hukunci ba shi da abin da zai kama ya yi jayayya. Matsayinka ke nan a wannan muƙala. Ka sani, amma saninka bai zama shaida ba tukuna.

An sha wuya kafin a tsaurara wannan ƙa'ida. A 2005 wani ya rubuta a Wikipedia ta Turanci cewa an taɓa zargin wani dattijon ɗan jarida na Amurka, John Seigenthaler, da hannu a kisan Shugaba Kennedy da ɗan'uwansa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta, mutumin ma na hannun daman Robert Kennedy ne, amma ta zauna a shafin wajen wata huɗu ba wanda ya lura. Bayan wannan ne aka hana wanda ba shi da asusu buɗe sabuwar muƙala a can, aka kuma kafa doka mai tsanani a kan tarihin mutanen da ke raye. Ka lura, ƙa'idar da ta tare ka yau ita ce za ta tare wanda zai zo gobe ya rubuta cewa kakanka ya yi abin da ya fi cin haraji muni, ya ce shi ma daga bakin mahaifinsa ya ji.

Ba kai kaɗai aka taɓa yi wa haka ba, har waɗanda duniya ta sani. A 2012 marubucin nan na Amurka, Philip Roth, ya nemi a gyara wani bayani game da mutumin da ya sa shi rubuta ɗaya daga cikin littattafansa. Shi ya rubuta littafin, ba wanda ya fi shi sanin abin da ke ransa, amma aka ce masa ana buƙatar madogara daga waje. Sai ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar The New Yorker ya bayyana komai, wasiƙar ta zama abin da aka dogara da shi aka gyara muƙalar. Ya ji haushi, kamar yadda ka ji. Amma hanyar da ya bi ita ce nake so ka bi: ka fitar da abin da ka sani a wurin da za a tantance shi, daga can ya shigo.

Duk da haka, ba zan nuna maka cewa ƙa'idar tana auna kowa da mudu ɗaya ba, don ba ta yi. Ta fi yi wa irinmu nauyi. Garin da ke Ingila yana da jarida da rajistar coci da littattafan tarihi na ɗaruruwan shekaru. Garuruwanmu da yawa tarihinsu yana bakin tsofaffi da maroƙa da makaɗan fada, abin da aka rubuta kuwa sau da yawa D.O. ne ya rubuta, ta bakin tafinta, da idon mai karɓar haraji. Sai ya zama maganar baƙon da ya kwana biyu a gari ta zama hujja, ta wanda aka binne cibiyarsa a garin ta zama jita-jita. Wannan rashin daidaito ne na gaske, kuma masu Wikipedia da kansu sun san da shi. A 2011 wani mai bincike ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya gwada ɗaukar hira da mutanen karkara a Indiya da Afirka ta Kudu, a ajiye muryar, a yi amfani da ita a matsayin madogara a harsunan Hindi da Malayalam da Sepedi. An yi ta muhawara, manyan Wikipedia ba su rungumi tsarin ba, kuma maganar ba ta mutu ba har yau. Ni ina ganin al'ummar Wikipedia ta Hausa, tunda kowace Wikipedia tana da ikon tsara wasu dokokinta, ya kamata ta zauna ta yi wa wannan batu tsari nata. Mutum irinka ya fi kowa cancantar tayar da maganar. Amma a zauren tattaunawa ake tayar da ita, ba ta hanyar goge-in-goge a muƙala ɗaya ba.

Maganar abokinka mai cewa ka liƙa sunan kowane littafi, ina roƙonka don Allah kada ka kusance ta. A 2022 aka gano cewa wata mata ta shafe kusan shekara goma tana ƙirƙirar tarihin Rasha na da a Wikipedia ta Sinanci, muƙaloli fiye da 200, da sunayen littattafai da lambobin shafi. Abin da ya tona ta shi ne wani ya je ya buɗe littattafan, ya ga ba su faɗi abin da aka jingina musu ba. Aka goge aikinta, aka rufe asusunta. Akwai masu dubawa, ko ba yau ba. Ranar da aka duba naka, ba sunanka kaɗai zai zube ba. Labarin kakanka na gaskiya zai zama "abin nan da aka kama jikansa yana ƙirƙira masa hujja", kuma ko ka kawo wasiƙar ajamin daga baya, da wuya a saurare ka. Balle kai da ka yi rayuwarka kana hana yara satar amsa.

Shi kuwa ɗalibinka, ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Yaro ne da ya ga malaminsa ya yi abin da doka ta hana, a fili, inda kowane edita ke gani a tarihin gyara. In ya kawar da kai, gobe ba shi da bakin hana wani. In ya mayar, ya ɓata wa wanda ya koya masa karatu. Ina kyautata zaton bai yi barci mai daɗi ba a daren. Inda ya gaza shi ne a ladabi, ba a ƙa'ida ba: kamata ya yi ya tako har gida, ko ya buga waya, ya gaishe ka, ya yi maka bayani kafin ya danna komai. Watakila nauyinka ne ya hana shi, don yaranmu sun fi iya fuskantar allon waya da su fuskanci babba. Kada ka kai shi ƙara wurin mahaifinsa. In ka yi, za a tilasta masa ya janye, wani editan da bai san ka ba zai zo ya mayar da rubutun, kai kuma ka rasa mutum ɗaya tilo a cikinsu da ke ganin girmanka. Ka aika a kira shi. Ka gaya masa abin ya yi maka zafi, ka bar shi ya ba ka haƙuri, sannan ka ce masa aiki ne ya same ku tare. Shi ya san dokokin wurin, kai ka san mutanen gari da ƙofofin da za a ƙwanƙwasa.

Akwai wata magana mai ɗaci da ya zama dole in faɗa maka, Malam, kuma ka yi mini afuwa. Abin da ka sani, ka ji shi ne daga mutum biyu da suke ƙaunar kakanka, ɗansa da 'yarsa. Ban ce sun ɓoye maka wani abu ba. Amma kowane gida yana ba da labarin magabatansa ta fuskar da ta fi kyau, kuma zuriyar ƙanen da ya karɓi rawani suna da nasu labarin, wanda watakila ya yi daidai da naka, watakila ya saɓa. A zamanin En'e an sauke dagatai da yawa a kan gibin haraji, wasu da laifinsu, wasu kuwa saboda fari ya hana talakawa biya, ko hakimi yana son ya sa nasa. Yana yiwuwa ƙwarai labaran biyu duk gaskiya ne: an matsa wa kakanka a kan kuɗin da talakawansa ba su da shi, ya ga ba zai iya zaluntarsu ba, ya ajiye rawani ya kama hanyar gabas, Bature kuma ya rubuta a fayil cewa an cire shi. In haka ne, cikakken labarin ya fi wanda ke muƙalar daraja, ya ma fi wanda kake ƙoƙarin sakawa. Amma ka shiga binciken da shirin karɓar duk abin da ka tarar.

Yanzu ga abin da za ka yi tun yau. Ka daina taɓa wannan jimlar. Ka buɗe shafin tattaunawa na muƙalar, ka rubuta cikin natsuwa cewa kai jikan mutumin ne, kana ja da wannan bayani, ga abin da iyali suka sani, kuma kana neman hujja. Bayyana dangantakarka ba zai rage maka komai ba, ana ma son wanda abin ya shafa ya faɗa, ya bar wasu su yi gyaran. Sannan ka nemi abu ɗaya wanda kake iya nema tun kafin ka kawo takarda ko ɗaya: a jingina maganar ga mai ita. Maimakon a rubuta "an tuɓe shi" kamar abin da duniya ta yi ittifaƙi a kai, a rubuta "a cewar littafi kaza". Kasancewar magana tana da madogara bai wajabta a ajiye ta yadda take ba. In madogarar guda ɗaya ce, mai rauni, editoci na iya yarda a sassauta lafazin ko a cire dalilin saukar gaba ɗaya, a bar suna da zamanin sarauta, har a samu ƙarin bayani.

Daga nan ku nemo littafin da kansa, kai da ɗalibinka, ku buɗe shafin da aka ambata. Mutane kaɗan ne ke yin wannan, kuma sau da yawa a nan matsalar take. Muƙaloli da dama na Wikipedia ta Hausa fassara ce daga Turanci, kalmar da ke nufin ya sauka ko an maye gurbinsa tana iya komawa "an tuɓe shi" a hannun mai gaggawa. In littafin bai ambaci haraji ba, ko bai ce tuɓewa ba, magana ta ƙare a ranar, ɗalibinka da hannunsa zai gyara. In kuwa ya faɗa, ku duba daga ina marubucin ya samo, domin yawanci zai nuna lambar fayil.

Wannan lambar ita za ta kai ku Kaduna. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can tana riƙe da fayilolin lardunan Arewa, har da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, inda ake yawan ambaton dagatai da dalilin naɗa su ko sauke su. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna wanda yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana da nasa tarin takardu da rubuce-rubucen Larabci da ajami. In abin ya faru bayan 1939, a duba tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kada ka manta da fadar sarkinku da ofishin hakimi, da sashen tarihi na jami'ar da ta fi kusa da ku, don ɗalibai sun rubuta kundaye a kan gundumomi da yawa, suna nan a kan kanta ba mai buɗewa. Kundin digirin digirgir ya fi karɓuwa a matsayin madogara, na digirin farko kuwa ko bai karɓu ba zai nuna muku sunayen tsofaffin da aka yi hira da su.

Wasiƙar ajamin nan dukiya ce, ka fara ceton ta. A ɗauki hotonta gaba da baya da haske mai kyau, a raba kwafi a gidaje biyu ko uku, asalin kuma a nisanta shi da damshi da gara. Ka kai wa masanin ajami ya karanta ya juya ta zuwa boko. Sai dai ka sani, ita kaɗai ba za ta wadatar a muƙala ba. Tana nuna ya yi tafiyar, ba lalle ta nuna yadda ya bar sarauta ba, kuma fassara abin da takarda take nufi aikin masu bincike ne, ba na edita ba. Amma tana iya ɗauke da sunan zango ko shekara. Masu tafiya Makka a ƙasa ta Borno da Chadi da Sudan suke bi, tafiyar kan ci shekaru, da yawa ma sun zauna a can, kamar mutanen Mai Wurno a bakin kogin Nilu. In wasiƙar ta nuna ya bar gida kafin shekarar da littafin ya ce an tuɓe shi, ka ga ka samu abin da masanin tarihi zai tsaya ya duba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffi, domin takarda tana jira, su ba sa jira. Ka ɗauki waya ka zauna da duk wanda ya rage da ya ji labarin daga waɗanda suka gani: na gidanku, na gidan ƙanen kakanka, limamin gari, da maroƙin da ya gaji kirarin gidan sarautar. Kowa ya faɗi sunansa da shekarunsa da wanda ya ji daga gare shi. Kada ka gyara wa kowa magana, ko ta saɓa da taka. Ka nemi izininsu kafin ka yaɗa, musamman in za a ɗora a Wikimedia Commons, wato ma'ajiyar hotuna da muryoyi da Wikipedia ke amfani da ita, don abin da aka ɗora can kowa na da damar ɗauka, kuma ba a janye izinin daga baya. Tarihin Kano da ake tinƙaho da shi yau, wanda wani Baturen mulki, Palmer, ya fassara zuwa Turanci a 1908, asalinsa abin da aka ji ne daga bakin magabata, wani ya zauna ya rubuta, masana suka zo suka yi ta tankaɗe da rairaya.

In ka haɗa waɗannan, ka rubuta tarihin dagatan garinku gaba ɗaya, ba na kakanka kaɗai ba, da abin da fayil ya ce da abin da gari ya ce. Ka kai wa jarida mai edita, ko mujallar sashen tarihi, ko ka haɗa kai da malamin jami'a ku fitar tare. Rubutun Facebook ko ɗan littafin da mutum ya buga wa kansa ba ya zama madogara mai ƙarfi, saboda ba wanda ya tantance shi. Bayan ya fito, ka ajiye bayaninsa a shafin tattaunawa, ka bar wani ya saka. Abin da za ka samu a ƙarshe watakila ba goge waccan magana ba ne, a'a, a kawo biyun: littafi kaza ya ce an tuɓe shi, bincike kaza ya nuna murabus ya yi. Ka karɓi wannan, domin mai karatu zai ga hujjar kowa.

In kuma ka ga ƙarfinka ba zai kai Kaduna ba, ka tsaya a kan jingina maganar ga mai ita da naɗar muryar tsofaffi, sauran ka damƙa wa ɗalibinka ko wani daga cikin jikoki. Barin Wikipedia ma ba laifi ba ne in ta hana ka sukuni, amma ban so ka bari, don masu gyaran Hausa irin taka ba su da yawa a can. Ka huta da muƙalar garinku na ɗan lokaci, ka koma kan gyaran rubutun da kake jin daɗinsa. Shi kuma admin, ka rubuta masa layi biyu cewa ka ga gargaɗinsa, ka daina mayarwa, ka koma shafin tattaunawa. Wannan ya isa ya ɗauke maganar rufe asusu. Allah ya taimaka, Malam, ka sanar da mu abin da kuka tarar a shafin littafin.